Tururi da matsi: daga madambacin Kurfai zuwa tukunyar Anu Araren

Duk macen da ta taɓa turara dambu a ƙasar Kurfai ta san tururi iri biyu ne. In ruwan tukunya ya tsaya daidai wa daida, wuta kuma tana ci a hankali, tururi yakan ratsa ramukan madambaci, ya dafa tsaki, ya bar shi wara-wara. In kuwa aka cika ruwa har wuya, ko aka iza wuta fiye da kima, sai tafasa ta yi tsalle ta taɓo gindin madambaci, dambu ya caɓe, a ci shi dai don ba yadda za a yi.

Abin da matan Filinge suka sani a bakin murhu shi ne injiniyoyi ke karantawa shekara da shekaru a manyan makarantu, sai dai su sun sa masa lissafi da ma'auni. Tukunyar da suke aiki da ita ta ƙarfe ce, rufaffiya ruf, ana kiran ta shodiyar da Faransanci. Ana dafa ruwa cikinta har ya zama tururi, tururin ya bi bututu ya tafi inda ake bukatarsa. A ƙasar Nijar, sanannu daga cikin manyan tukwanen nan suna Anu Araren, kusa da Cirozerin cikin jahar Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona gawayin ƙasa domin samar da wutar lantarki. Akwai wasu a matatar man fetur ta Damagaram, wadda aka buɗe cikin shekara ta 2011. Ƙananan kuwa suna asibitoci, cikinsu ake gasa almakashi da wuƙaƙen fiɗa da tufafin aiki kafin a taɓa jikin marar lafiya. Wannan ƙaramar tukunya ita ce ta fi kusa da mutumin Kurfai, domin ko bai taɓa ganin ta ba, ran matarsa da aka kai haihuwa asibitin gunduma yana iya rataya gare ta.

Kowace daga cikin tukwanen nan tana da agogon matsi a goshinta. Mutane da yawa sun ɗauka in kibiyar agogo ta kai inda aka ce ta kai, to magana ta ƙare. Alhali agogo ƙarfin tururi kaɗai yake faɗi, kyawonsa kuwa sai an bincika ta wata hanya.

Mene ne kyawon tururi?

Mai karatu ya dubi bakin butar shayi lokacin da take tafasa. Daf da bakin akwai ɗan sarari da ba a ganin komi cikinsa, gaba kaɗan kuma sai farin hayaƙi ya bayyana. Tururi na ainihi yana cikin wannan sarari, ido ba ya ganin sa. Farin hayaƙin nan ƙananan ɗige-ɗigen ruwa ne da iska ke ɗauke da su.

Tururin da ke fita daga tukunya kusan kullum yana tafe da irin waɗannan ɗige-ɗige. In aka auna kilo 100 na abin da ke bin bututu, aka tarar kilo 95 tururi ne, kilo 5 kuma ruwa, sai a ce bushewarsa ta kai 95 bisa ɗari. Wannan lissafi shi ne ma'aikata ke kira kyawon tururi.

Dalilin da ya sa ake damuwa da shi kuwa, ga shi. Domin a ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa, ana bukatar zafi kilokalori 100. Domin a mayar da wannan tafasasshen kilo ya zama tururi, ana bukatar wajen kilokalori 540, fiye da ninki biyar ke nan, kuma duk tsawon lokacin ma'aunin zafi ba ya motsawa daga digiri 100. Zafin nan yana ɓoye cikin tururi kamar guzuri cikin burgami. Sa'ad da tururi ya taɓa abu mai sanyi, sai ya koma ruwa, ya sauke guzurin nan gaba ɗaya a jikin abin. Shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni. Ɗigon ruwan da ya biyo tururi ba ya ɗauke da wannan guzuri ko kaɗan. An ƙona itace ko gawayi ko gazuwal an tura shi, ya iso hannu wofi, ya kuma jiƙa wurin.

Matsi da zafi tafiyarsu ɗaya

A makaranta an koya ma yara cewa ruwa yana tafasa a digiri 100. Haka ne, amma a bakin teku ko ƙasa mai kwari kamar Filinge, inda bambancin bai fi digiri guda ba. A bisa dutsen Bagzan cikin Ayar, wanda tsawonsa ya haura mitir 2000, iskar da ke danne ruwa ta fi sauƙi, saboda haka ruwa yakan tafasa wajen digiri 93. In matsi ya ragu, ruwa ya tafasa da wuri. In matsi ya ƙaru, sai ya jinkirta, ya yi ta shan zafi bai tafasa ba.

Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya nuna amfanin wannan cikin shekara ta 1679, da ya ƙera tukunya mai murfin ɗaurewa wadda ke dafa ƙashi har ya yi laushi. Shi ne kuma ya sa mata bawul na tsaro, wanda makanikai ke kira supap, mai buɗewa da kansa in matsi ya wuce iyaka.

Ana auna matsi da bar. Bar ɗaya ya yi kusan nauyin kilo guda bisa wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa, kuma iskar da mai faci ke sa ma tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. In agogon tukunya ya nuna bar 1, ruwan ciki yana tafasa wajen digiri 120. A bar 2, wajen digiri 134. A bar 10, digiri 184. Kowane matsi da zafinsa, ba sa saɓa ma juna muddin ruwa da tururi kaɗai ke cikin tukunya.

Akwai abu na biyu da matsi ke canzawa, wato girman tururi. Kilo ɗaya na tururi a fili yana cika wuri mai litir wajen 1670. A bar 5 ya takure zuwa litir 315, a bar 10 kuma litir 177 kacal. Ke nan a babban matsi kumfar da ke tasowa daga gindin tukunya ƙanana ne, suna fashewa a saman ruwa ba tare da fantsama mai yawa ba. A ƙaramin matsi kuwa manya ne, suna tasowa da hayaniya, suna watsa ruwa sama, tururin da ke gudu zuwa bakin bututu ya kwashe shi ya tafi da shi.

Daga nan ne wani kuskure ke fitowa, wanda masu kyakkyawar niyya suka fi yin sa. Mutum ya ga an ƙera tukunya don ta yi aiki a bar 10, sai ya ce bari a riƙe ta a bar 5 domin a tausaya mata, a kuma rage cin mai. Abin da zai samu shi ne tururi mai ninki kusan biyu a girma yana kokawar fita ta ƙofar da ba a faɗaɗa ba, da gudu ninki biyu, ɗauke da ruwa.

Lokacin da matsi ya faɗi farat ɗaya

Babbar fitina tana zuwa ne sa'ad da matsi ya faɗi ba shiri. Wanda ya taɓa girgiza kwalbar lemo ya buɗe ta ya ga misalinsa: abin da ke kwance lafiya ƙarƙashin murfi ya tashi gaba ɗaya, ya fito da ruwan tare da shi.

A ɗauki tukunya mai ton 5 na ruwa, tana aiki a bar 10, ruwanta na digiri 184. Sai wani ya buɗe babban bawul da sauri, ko injina biyu suka nemi tururi lokaci guda, matsi ya sauka zuwa bar 8. A bar 8 ruwa yana tafasa a digiri 175. Ruwan da ke ciki ya wuce wannan da digiri 9, kuma ba ya iya riƙe rarar. Nan take wajen kashi 2 bisa ɗari na ruwan zai rikiɗe ya zama tururi, ba a saman kaɗai ba, ko'ina cikin tukunya, daga gindi har wuya. Kashi 2 bisa ɗari kamar ba wani abu ba ne, amma ya kusa kilo 100, kuma a wannan matsi kilo 100 na tururi ya fi dukan ruwan tukunyar girma har kusan sau huɗu. Ruwa sai ya kumbura kamar madarar da aka manta bisa wuta, ya hau har bakin bututu.

Ga kuma yaudarar da ke ciki. A jikin kowace babbar tukunya akwai ɗan bututun gilashi mai nuna tsayin ruwa. Lokacin da ruwa ya kumbura, gilashi zai nuna ya ƙaru, alhali raguwa yake yi, tun da yana ficewa ta bututu. Sabon ma'aikaci zai ga haka ya tsai da famfon da ke shigar da ruwa. Jim kaɗan matsi ya komo, kumfa ta kwanta, ruwa ya faɗi ƙasa da inda ya kamata, ƙarfen da wuta ke lasa ya tsaya tsirara. Ƙarfe marar ruwa a bayansa yakan yi ja, ya yi laushi, ya tsage. Ranar da tukunya mai bar 10 ta tsage, wajen kashi 16 bisa ɗari na ruwanta ke zama tururi cikin ƙiftawar ido, kowane kilo yana neman wurin litir 1670. Abin da ake kira fashewar tukunya ke nan.

Juyin wannan ma yana faruwa. In aka rufe bawul da sauri, matsi ya hau, kumfa ta mutu, gilashi ya nuna ruwa ya ragu ko da ɗigo bai fita ba. Tsofaffin ma'aikata sun san a irin wannan lokaci ba a gaggawa, ana duban agogon matsi da gilashin ruwa tare, a jira su natsu.

Ruwan da ya tsere cikin bututu shi ma ba ya tafiya salin alin. Tururi yana gudu mitir 25 zuwa 40 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kamar mota mai kilomitir 100 ko fiye cikin awa. In ya tura curin ruwa gabansa har ya daki gwiwar bututu ko bawul, sai a ji ƙara kamar an buga guduma. Wannan duka yana karya bawul, yana kwance mahaɗar bututu, ya sha kuma hallaka ma'aikata a ƙasashe dabam-dabam.

A Anu Araren

An kafa kamfanin SONICHAR cikin shekara ta 1975. Injinsa na farko ya fara aiki cikin 1981, na biyu cikin 1982, kowanne da ƙarfin megawat 18,8. An gina tashar domin ta ba da wuta ga ma'adinan iraniyom na SOMAIR a Arlit da COMINAK a Akokan, wanda aka rufe cikin 2021, da kuma garuruwan yankin, irin su Agadas da Cirozerin.

A tasha irin wannan, tururi yana juya wata babbar fanka mai ɗaruruwan fikafikan ƙarfe, wadda ake kira turbin, tana zagayawa sau dubbai cikin minti ɗaya. Ga fiffiken da ke irin wannan gudu, ɗigon ruwa tamkar tsakuwa yake, yana zaizaye ƙarfe kamar yadda iskar hunturu mai rairayi ke cin jikin bango. Domin haka ba a yarda tururi ya tafi kai tsaye. Cikin gangar da ke saman tukunya akwai na'urori masu murɗa tururi su wurgar da ruwan gefe. Bayan nan sai a sake bi da shi cikin wasu bututu da ke tsakiyar wuta, ya ƙara zafi nesa da digirin tafasa, har ba sauran ɗigo ko ɗaya. Kuma da yake gilashi yana yaudara, na'urar da ke sarrafa famfo a manyan tashoshi ba ta dogara da tsayin ruwa kaɗai: tana auna tururin da ke fita da ruwan da ke shiga, ta daidaita su.

Ruwan kansa

Ba matsi kaɗai ke da laifi ba, yana da abokin ta'asa, shi ne gishirin da ke narke cikin ruwa. Mutanen Dallol Boso, kwarin da Filinge ke cikinsa, ba su bukatar a yi musu dogon bayani, tun da akwai wuraren da kanwa da gishiri ke fitowa fari fat a bisa ƙasa. Duk wadda ta jefa kanwa cikin tukunyar wake ta ga yadda kumfa ke tashi ta ƙi kwanciya.

Tururi yana fita ya bar gishiri a baya. Kullum ana ƙara sabon ruwa, kullum gishirin yana taruwa, har ruwan tukunya ya yi kauri. Kumfarsa ba ta fashewa da wuri, sai ta taru a sama, ɗan faɗuwar matsi kaɗan ya ishe ta ta haye cikin bututu. Ɗigon da ya haye kuma yana ɗauke da gishirinsa, ya je ya bushe a bututun cikin wuta ko bisa fiffiken turbin ko a jikin almakashin likita, ya bar farin ɓawo. Maganinsa biyu ne: a tace ruwa a cire gishiri kafin ya shiga, a kuma riƙa zubar da kaɗan daga na cikin tukunya lokaci-lokaci.

Inda rage matsi ke da amfani

Kada a ɗauka duk raguwar matsi ɓarna ce. Wadda ta faru cikin tukunya, bisa ruwa mai tafasa, ita ce ke jiƙa tururi. Wadda aka yi da gangan a can gaba, ta bawul na musamman daf da wurin aiki, busar da shi take yi. Tururi mai bushewa 95 bisa ɗari a bar 10, in aka sauke shi zuwa bar 2 ta irin wannan bawul, yakan fito da bushewa wajen 98, domin rarar zafin tana ƙone wasu daga cikin ɗige-ɗigen. Ƙa'idar ma'aikata ke nan: a dafa tururi a matsin da aka ƙera tukunya dominsa, a kai shi a haka, a sauke shi a bakin aiki. Sai dai in tururin dama busasshe ne, aka kuma sauke shi da yawa a tashi ɗaya, yakan wuce gona da iri ya zama kamar busasshiyar iska mai zafi. Turbin tana son irin wannan. Asibiti ba ya son sa.

Tukunyar asibiti

Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, shi ne ya ƙera tukunyar gasa kayan likita cikin shekara ta 1879, wadda ake kira otoklab. Wasu ƙwayoyin cuta, irin masu kawo tetanos, sukan rufe kansu cikin ɓawo mai tauri, har tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta tabbatar da mutuwarsu. Tururi mai digiri 121 yana gamawa da su cikin minti 15, mai digiri 134 cikin ƴan mintoci. Busasshen zafi kuwa, irin na akwatin da ma'aikatan lafiya ke kira Pupinel, sai ya yi awa 2 a digiri 160. Bambancin duka yana ga guzurin nan da tururi ke saukewa sa'ad da ya koma ruwa a jikin ƙarfe. Shi ya sa ake son sa tsaka-tsaki, ba jiƙaƙƙe ba, ba kuma ƙonanne ba. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta manyan tukwanen asibiti ta nemi bushewar da ba ta gaza 95 bisa ɗari ba ga kayan ƙarfe.

A nan ne agogo ya fi yin ƙarya, kuma iska ce ke sa shi. In aka rufe murfi, iskar ɗaki tana ciki. Ita ma tana danna agogo kamar tururi, amma ba ta ɗauke da zafinsa. In kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke cikin tukunya iska ce, kibiya za ta nuna bar 1 daidai, zafin kuwa bai wuce digiri 111 ba. In rabi iska ce, digiri 100 ne kawai, daidai da tukunyar dambu. Ma'aikaci ya ƙidaya mintocinsa cif, ya rubuta cikin littafi, kayan kuma ba su gasu ba.

Tsofaffin ma'aikatan rigakafi za su tuna da ƙananan tukwanen da aka rarraba ma gidajen likita na karkara cikin shekarun 1980, waɗanda ake ɗorawa bisa risho ana gasa sirinji da allurai. Umurnin da aka ba su shi ne a bar tururi ya yi ta fita da ƙarfi har minti 5 kafin a rufe bawul, sa'an nan a ƙidaya minti 20. Mintocin nan biyar na korar iska ne, kuma su ne mai gaggawa ya fi saurin tsallakewa. A wuraren da ruwa ke da gishiri, sirinjin ma ba ya daɗewa yake lalacewa. Cikin shekara ta 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka nemi a koma ga sirinjin da ake amfani da shi sau ɗaya a jefar, kafin ƙarshen 2003. Allurar rigakafi ta fita daga tukunya, amma kayan fiɗa da na karɓar haihuwa da na ɗaurin rauni har yanzu ta nan suke bi.

A ƙarshen gashi, tukwanen zamani sukan zuƙe tururin da ke ciki da gangan, matsi ya faɗi, ruwan da ya kwanta bisa kayan ya tafasa da zafin da ƙarfen ya tara, kayan su fito a bushe. Amma zafin da ƙarfe ya tara daidai yake da na busar da ruwan da ya kwanta masa ta hanyar halal. Ƙarin da jiƙaƙƙen tururi ya kawo ba shi da mai biya masa, sai ya zauna cikin ƙunshi. Ƙyalle ko takarda mai danshi kuwa hanya ce buɗaɗɗiya ga ƙwayoyin cuta, daga hannun mai ɗauka ko daga kantar da aka ajiye ta.

Ya kamata masu tsara kuɗin ma'aikatu su lura da wannan. Sayen tukunya abu ne da ake gani, ana kuma yi masa biki. Abin da ke riƙe kyawon tururi bayan biki ƙananan kaya ne da ba su da mai yi musu kirari: tataccen ruwa marar gishiri, robar bakin murfi, ƴan takardun gwaji masu canza launi sai in lokaci da tururi da zafi sun cika, da makanikin da zai zo ya gwada agogo da supap a kan kari. A kuma bar ma ma'aikaci ikon bin ƙa'idar aikinsa, wadda ta ce kada a cushe tukunya da kaya har tururi ya rasa hanya, kuma duk ƙunshin da ya fito da danshi ba a lissafa shi cikin gasassu. Sai a kwance shi, a sake naɗe kayan cikin busasshen ƙyalle, a mayar da su tukunya tun daga farko, ko da mai fiɗa yana jira.